Kuɗin horar da ma'aikatan tsabtar baki da matsalar ƙarancin masu duba haƙori a karkara

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana duba wata dabara da gwamnatoci da dama sunka gwada domin rage ƙarancin masu duba haƙori a ƙauyuka, watau zuba kuɗi wajen horar da ma'aikata masu matsakaicin ilimi maimakon jiran likitocin haƙori. Mun ɗauki misalai daga Amurka, Niyu Zilan da Kanada domin mu nuna cewa kuɗin makaranta kaɗai ba su kai ma'aikaci ƙauye, sai an haɗa su da abubuwa uku: zaɓen ɗalibi daga yankin da ake son ya koma, dokar da ta ba shi izinin aiki ko babu likita kusa, da albashi mai ɗorewa. Daga ƙarshe mun auna waɗannan darussa da halin da Nijar take ciki.

1. Gabatarwa

A cikin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta fitar a shekara ta 2022 game da lafiyar baki, ta ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyar 3 da rabi suna fama da wata cuta ta baki ko ta haƙori, watau kusan rabin jama'ar duniya. A yankin Afirka na hukumar, lissafin ya nuna kimanin likitan haƙori guda ga mutum 30 000. Wannan adadi ma yana ɓoye wani abu, domin matsakaici ne: ya haɗa babban birni inda likitoci suke da ƙauyen da bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Dalilin taruwar likitocin haƙori a birni ba ɓoyayye ba ne. Aikinsu yana buƙatar kujera ta musamman, wutar lantarki, ruwan famfo, injin iska da na'urar dafa kayan aiki. Kayan nan suna da tsada, kuma mai su yana buƙatar majinyata masu iya biya kafin ya maida kuɗinshi. Saboda haka ko a ƙasashe masu arziki karkara tana cikin rashi. A Amurka, gwamnatin tarayya tana sanya yanki cikin jerin masu ƙarancin ma'aikata idan mutum 5 000 ko fiye suna dogara ga likitan haƙori guda, kuma yawancin yankunan da ke cikin jerin na karkara ne.

Tambayar da ke gaban mai tsara kasafin kuɗi ita ce: da kuɗin da ke hannu, wa ya kamata a horar? Likitan haƙori yana ɗaukar shekara biyar zuwa shida bayan bakaloreya a tsarin ƙasashe masu amfani da Faransanci, shekara takwas a tsarin Amurka. Ma'aikaci mai matsakaicin ilimi yana gamawa cikin shekara biyu zuwa uku. A bisa takarda zaɓi na biyu ya fi sauƙi da sauri. Abin da za mu bincika shi ne sharuɗɗan da ke sa wannan lissafi ya tabbata a aikace.

2. Sana'o'i uku da sunayensu

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu daidaita kalmomi, tun da Hausa ba ta riga ta tsaida suna ga kowace sana'a ba.

Likitan haƙori (chirurgien-dentiste) shi ne mai cikakken izini: yana gano cuta, yana cike kogo, yana cire haƙori, yana yin tiyata, yana sa haƙoran roba.

Wanda muke kira ma'aikacin tsabtar baki (hygiéniste dentaire) aikinshi rigakafi ne. Yana duba baki, yana kankare dattin da ya daskare a gindin haƙori (tartre), yana jinyar dasashi mai kumburi ko mai jini, yana shafa sinadarin fuliyo mai ƙarfafa haƙori, yana koya wa mutane wanke baki. A mafi yawan ƙasashe ba ya huda haƙori, ba ya cire shi.

Wanda muke kira mai jinyar haƙori (thérapeute dentaire) yana tsakanin biyun. Ban da rigakafi, yana cike ƙananan koguna, yana cire haƙoran yara, a wasu wurare har da na manya da sunka yi girgiɗi.

Bambancin na biyu da na uku yana da muhimmanci, domin wanda ciwon haƙori ya hana shi barci ba wa'azin tsabta yake nema ba. Akwai kuma wani al'amari na tarihi. Dokar Faransa ba ta san sana'ar ma'aikacin tsabtar baki ba. Kankare haƙori can aikin likita ne, sai a 2023 wata doka ta buɗe hanyar ba wasu mataimaka wani sashe na aikin. Ƙasashen da sunka gaji tsarin lafiyar Faransa sun gaji wannan giɓi. Wasu sun cike shi da nasu salo: Senegal tana horar da manyan ma'aikatan fasaha na fannin haƙori, Burkina Faso tana ƙara wa ma'aikatan jinya ilimin baki da haƙori. Najeriya, wadda ta gaji tsarin Ingila, ta kafa hukumar rajistar masu jinyar haƙori tun 1993.

3. Inda kuɗin suke shiga

Idan an ce an ware kuɗin horo, kuɗin suna iya bi ta ƙofa huɗu.

Ta farko ita ce makaranta. Wannan horo ba a yin shi da allo da alli kaɗai. Kowane ɗalibi yana buƙatar kujerar aiki da majinyata na gaske, kuma malami ba ya iya sa ido kan hannaye da yawa a lokaci guda. Ƙa'idar Amurka ita ce malami guda ga ɗalibai biyar a lokacin aiki kan majinyaci. Don haka yawan kujeru da malamai ne ke iyakance yawan ɗalibai, komai yawan masu neman shiga.

Ta biyu ita ce ɗalibi: kuɗin makaranta, ci da sha, wurin kwana, kuɗin mota. Ɗan ƙauye ya fi ɗan birni buƙatar wannan tallafi (bourse), tun da shi ne ke barin gida.

Ta uku ita ce gurbin aiki, watau albashi da wurin zama bayan an gama karatu. Ta huɗu ita ce kayan da ke ƙarewa kullum, kamar safar hannu, allurar kashe zafi da garin ciko, tare da kuɗin zagayen likitan da zai riƙa duba aikin.

Ƙofa ta farko da ta biyu suna da ranar farawa da ranar gamawa, ana iya ƙirga ɗalibai a ɗauki hoton bikin ba da takardu. Shi ya sa masu ba da agaji da ƴan siyasa sun fi son su. Amma horo shekara uku ne, aiki kuwa shekara talatin. Mafi yawan kuɗin da ma'aikaci zai ci a rayuwarshi suna cikin ƙofa ta uku da ta huɗu, kuma waɗannan sai kasafin ƙasa na kowace shekara ke iya ɗaukarsu. Misalan da ke biye suna nuna abin da ke faruwa idan an buɗe wasu ƙofofi an bar wasu.

4. Misalai huɗu

4.1. Amurka: sana'ar da doka ta ɗaure ga likita

Sana'ar tsabtar baki ta fara ne a garin Bridgeport na jihar Connecticut. Wani likitan haƙori, Alfred Fones, ya koya wa mataimakiyarshi Irene Newman kankare haƙori, sannan a 1913 ya buɗe makaranta. Mata 27 sunka gama a 1914, da yawansu sunka shiga aiki a makarantun firamare na garin. A 1917 Irene Newman ta karɓi takardar izini ta farko.

Manufar farko ita ce aikin jama'a, amma dokokin jihohi sun shardanta cewa ma'aikaciyar ta yi aiki ƙarƙashin idon likita. Sakamakon haka sana'ar ta koma cikin ɗakunan likitoci masu zaman kansu. Inda babu likita, babu ita. Ana iya ninka yawan masu gama makaranta, ƙauye bai ga ko ɗaya ba. Jihar Colorado ta fara sassauta wannan sharaɗi a shekarun 1980, kuma jihohi fiye da 40 sun biyo baya da matakai daban-daban, har ma'aikacin ya iya fara duba mutum a makaranta ko gidan tsofaffi kafin likita ya gan shi. Gwamnatin tarayya kuma tana biyan bashin karatun wanda ya yarda ya yi shekara biyu a yankin rashi. Wannan dabara tana kai mutum ƙauye, sai dai ba ta tabbatar da zamanshi bayan wa'adi ya cika. Jihar Minnesota ta bi wata hanya a 2009: ta halatta sana'ar mai jinyar haƙori, ta kuma rubuta a cikin dokar cewa mafi yawan aikinshi ya zama ga marasa ƙarfi ko a yankin rashi.

4.2. Niyu Zilan: gwamnati ta biya makaranta, ta biya albashi

A lokacin yaƙin duniya na farko, hukumomin Niyu Zilan sun ga munin haƙoran samarin da anka ɗauka soja. A 1921 anka buɗe makaranta a Wellington domin horar da ƴan mata na shekara biyu. Rukuni na farko, kimanin talatin, ya fito a 1923. Ba a bar su su nemi aiki ba: gwamnati ta ɗauke su, ta gina ƙananan ɗakunan jinya a harabar makarantun firamare, ta tura su can har cikin ƙauyuka. Suna cike kogo, suna cire haƙoran yara, likita yana zuwa lokaci-lokaci ya duba aikin.

Nan ƙofofi huɗu duka hannu ɗaya ne ya buɗe su. An kuma warware matsalar tafiya, tun da yaro yana samun jinya a wurin da yake zuwa kowace safiya. Ƙasashe fiye da 50 sun kwaikwayi wannan tsari ta wata fuska.

4.3. Kanada: abin da kasafi ya gina, kasafi ya rushe

Lardin Saskatchewan, ƙasar noman alkama mai garuruwa nesa da juna, ya ɗauki salon Niyu Zilan. An fara horo a Regina a 1972, shirin duba haƙoran yara a makarantu ya fara aiki a 1974. A 1987 wata gwamnati mai neman rage kashe kuɗi ta soke shirin, ta sallami ma'aikata kimanin 400, ta maida jinyar yara hannun likitoci masu zaman kansu. Iyayen karkara sunka koma yin doguwar tafiya zuwa gari, kuma ilimin da anka kashe kuɗi wajen bayarwa ya watse, wasu sunka bar lardin, wasu sunka canza sana'a.

Haka ya faru da makarantar tarayya da anka buɗe a Fort Smith a 1972 domin yankunan arewa na ƴan asalin ƙasar, wadda daga baya anka maida Prince Albert. Gwamnatin tarayya ta janye kuɗinta, ta rufe a 2011. Kanada ta yi shekara goma sha biyu ba ta da makarantar masu jinyar haƙori, har Jami'ar Saskatchewan ta buɗe sabon shiri a 2023, tana koyarwa a La Ronge, Prince Albert da Regina domin ɗaliban arewa su yi karatu kusa da gida. Rufe makaranta aikin rana ɗaya ne, sake tara malamai da kayan aiki kuwa yana cin shekaru.

4.4. Alaska: ɗan gari ya koma garinsu

A yammacin Alaska akwai ƙauyuka na ƴan asalin ƙasar da ba hanyar mota, sai jirgin sama ko jirgin ruwa. Likitan haƙori yana zuwa ƴan kwanaki a shekara, sau da yawa aikinshi cire haƙori ne kawai. A 2003 ƙungiyar lafiya ta ƙabilun Alaska ta tura ɗalibai Jami'ar Otago a Niyu Zilan. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta kai ƙara kotu a 2006 tana cewa aikin ya saɓa doka, amma ba ta yi nasara ba. A 2007 anka fara horon a cikin Alaska, da taimakon gidauniyoyi masu zaman kansu, musamman gidauniyar Kellogg.

Abubuwa uku sun bambanta wannan shiri. Hukumar lafiya ta yanki ita ke zaɓen ɗalibi daga cikin jama'arta, ta biya mashi karatu, shi kuma ya yi alkawarin komowa ya yi mata aiki na wasu shekaru. Bayan makaranta yana yin aƙalla awa 400 tare da likita, sannan a rubuta mashi ayyukan da zai iya yi shi kaɗai, likitan yana bin aikin daga nesa ta waya da hoto. Na uku, asusun lafiyar marasa ƙarfi na gwamnati, Medicaid, yana biyan kuɗin aikin da ya yi, don haka albashinshi bai rataya ga gidauniya ba. Wani bincike na Jami'ar Washington da anka buga a 2018, wanda ya bi yankin Yukon-Kuskokwim daga 2006 zuwa 2015, ya nuna cewa ƙauyukan da waɗannan ma'aikata sunka fi daɗewa a ciki sun fi samun rigakafi, kuma an rage cire haƙora a cikinsu.

Wannan ya dace da shawarwarin da OMS ta fitar a 2010, ta sabunta a 2021, game da tsaida ma'aikatan lafiya a karkara: daga cikin matakan da sunka fi samun hujja akwai ɗaukar ɗalibai ƴan asalin karkara da kusanto da makaranta wurinsu.

5. Abin da ya shafi Nijar

A Nijar fiye da kashi 80 cikin 100 na jama'a suna zaune a karkara, likitocin haƙori kuwa suna Yamai da manyan biranen jihohi. Mai ciwon haƙori a ƙauye yana zuwa wurin wanzami, ko ya sayi ƙwaya a tebur, ko ya jure. Amma abin da ya sa maganar ta wuce ta ciwon haƙori shi ne cutar noma, wadda sunanta daga Girkanci yake, ba shi da alaƙa da aikin gona. A ƙasar Hausa ana ce mata zaizayar baki, wasu iyaye kuma suna ce mata ciwon iska.

Cutar tana kama yara masu shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa, ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya raunana. Tana farawa da kumburin dasashi, jini da warin baki. Idan an bari, kumatu ya kumbura, cikin ƴan kwanaki nama da ƙashi su ruɓe. A 1998 OMS ta ƙiyasta sababbin kamu 140 000 a shekara a duniya, kuma tara cikin goma suna iya mutuwa idan ba magani. A watan Disamba na 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, hukumar ta sanya ta cikin jerin cututtukan da anka yi sakaci da su. Ƙungiyar Sentinelles ta fara aiki kanta a Damagaram a 1992, an kuma buɗe asibitin yara masu cutar a Sakkwato a 1999.

Tiyatar gyaran fuska tana da tsada, tana buƙatar ƙwararru, wani lokaci har da kai yaro Turai. A matakin farko kuwa maganin shi ne wanke baki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki. Watau aikin da ke hana cutar kai ga halaka shi ne ainihin aikin ma'aikacin tsabtar baki: ya buɗe bakin yaro ya duba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta kashe kuɗi a wannan fanni a ƙasarmu.

Sai dai kwafar manhajar waje yadda take ba za ta yi ba. Na farko, ma'aikacin da ba ya iya kawar da ciwo ba zai samu amincewar manya ba, don haka abin da ya dace da mu ya fi kusa da mai jinyar haƙori. Akwai dabarar cike kogo da kayan hannu ba tare da lantarki ba, wadda anka ƙirƙiro a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, kuma a 2021 OMS ta sanya garin cikon da ake amfani da shi cikin jerin magunguna na wajibi. Na biyu, maganar fuliyo tana buƙatar hattara. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan fuliyo ya ɓata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa, abin da ya fito fili a wajen shekara ta 2000. Ma'aikacinmu yana buƙatar sanin ruwan yankinshi kafin ya ƙara wa yaro wannan sinadari. Na uku, asuwaki yana hannun kowa, ya kamata a koyar da amfani da shi yadda ya dace tare da buroshi. Na huɗu, bayani ga uwa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak ko Barbarci ake yin shi, ɗalibi kuwa da Faransanci yake karatu. Tsara kalmomin wannan fanni a harsunan ƙasa wani sashe ne na horon, kuma yana buƙatar nashi kuɗi.

Game da ƙofa ta uku, hanya biyu ce. Ana iya ƙirƙiro sabuwar sana'a, da matsayinta a aikin gwamnati da gurabenta. Ana kuma iya ƙara wa ma'aikatan jinya da ke cibiyoyin lafiya (CSI) ilimin baki, kamar yadda Burkina Faso ta yi. Hanya ta biyu tana da fa'ida babba: mutumin yana da albashi, yana kuma wurin. Illarta ita ce majo ya riga ya ɗauki awon ciki, allurar rigakafi, haihuwa da rahoto, kuma duk watan da ya tafi horo cibiyar tana zama da giɓi. A ganinmu abin da ya fi dacewa shi ne matakai biyu: gajeren horo ga duk ma'aikatan CSI da na ɗakunan lafiya na ƙauye (cases de santé) domin gane alamun farko da tura yaro gaba, sannan cikakken horo ga mutum ɗaya ko biyu a kowane asibitin gunduma, waɗanda za su riƙa zagaya ƙauyuka.

Ƙofa ta huɗu ma tana da darasi na gida. Tun 2006 anka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin jinya, amma jinkirin da gwamnati ta yi wajen biyan cibiyoyi ya bar da yawansu ba magani. Ma'aikacin da anka horar ya koma ya tarar ba safar hannu, ba allurar kashe zafi, ba man babur, ilimin da ke kanshi ba zai amfani kowa ba.

6. Kammalawa

Misalan da munka duba sun nuna cewa horar da ma'aikata masu matsakaicin ilimi yana iya kai jinyar baki inda likita ba ya zuwa. Niyu Zilan da Alaska sun ci nasara domin wanda ya biya karatun shi ne ya tanadi gurbin aiki. Tarihin Amurka ya nuna cewa doka tana iya tsare ma'aikaci a birni, na Saskatchewan kuma ya nuna cewa shirin da ke aiki yana iya faɗuwa a kasafin shekara guda.

Saboda haka muna ba da shawarar a yi wa duk shirin horo tambayoyi huɗu kafin a sa hannu: daga ina za a ɗauko ɗalibai, me doka za ta bari su yi su kaɗai, wa zai biya albashinsu a shekara ta biyar da ta goma, kuma daga wane asusu kayan aiki za su fito. OMS ta sa burin cewa nan da 2030 kashi 80 cikin 100 na jama'ar duniya su samu haƙƙin jinyar baki ta wajibi. Aikin da ya rage ga masu bincike a nan gida shi ne lissafa kuɗin kowace hanya daga cikin biyun da munka ambata, gunduma ɗaya a matsayin gwaji, tare da tattara sunayen da iyaye suke ba cututtukan baki a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, domin manhajar ta fara da kalmomin da ma'aikacin zai ji a bakin masu zuwa wurinshi.